Daga Tsiron Dawa zuwa Jinin Mutum: Nazarin Tushen Ilimin Halittu a Ƙasar Gumel

Ɗalibin da ke shirin WAEC ko NECO a Gumel, Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar yakan haɗu da bayoloji ne a yanke, babi-babi. Ga babin ƙwayar halitta, ga na abinci, ga na numfashi, ga na gado, kowanne da ma'anonin da za a haddace a zuba wa mai maki. Da yawa sukan ci jarrabawar, amma idan aka tambaye su dalilin da ya sa gero ke yi a jigawar Sule Tankarkar inda alkama ba za ta yi da damina ba, sai a ji shiru. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. An ba su duwatsun carbi ne ba a ba su zaren ba.

Abin da wannan nazari ke son tabbatarwa shi ne, akwai tambaya guda da ke ratsa kusan dukkan waɗannan babi: wane furotin ne yake yin wannan aiki, kuma me zai iya hana shi? Wanda ya saba yi wa kowane darasi wannan tambaya ya shiga bayokemistiri, wato ilimin sinadaran da rayuwa ke gudana da su, ko da bai taɓa jin sunan ba. Kayan da za a gwada wannan magana da su kuwa duk suna nan a cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel.

Abin da ke faruwa a robar kunun zaƙi

Mai kunun zaƙi takan jiƙa gero ko dawa, ta kai markaɗe tare da citta da kanumfari, sannan ta raba ƙullun biyu. Kaso mai yawa shi take sheƙa wa tafasasshen ruwa, nan take ya yi kauri har muciya ta tsaya a ciki. Ba ta zuba ɗaya kason a lokacin. Sai ta bari ya sha iska, ta taɓa gefen robar ta ji zafin ya sauka, sannan ta juye ɗanyen ƙullun da ta haɗa da tsiron dawa ko busasshen dankali. Kafin wani lokaci abin da ya yi kauri ya tsinke ya koma ruwa, zaƙi kuma ya fito ba tare da an sa sukari ba. Idan ya kwana, da safe a ji ɗan tsami.

Matakai uku ne a nan, kuma kowanne darasi ne. Sitacin da ke cikin hatsi doguwar sarƙa ce ta sukarin gulukos, ɗaruruwa har dubbai a jere, a cure wuri guda. Ruwan zafi yana kumbura shi ya warware curin, shi ne kaurin. Tsiro kuwa ƙwaya ce da ta fara farkawa za ta zama shuka, don haka ta ƙera wani furotin mai suna amiles domin ya yayyanka mata sitacin ajiyarta ya zama sukarin da za ta ci. Dankali ma yana da irinsa. Wannan amiles shi ke datse sarƙar: kauri ya tafi saboda sarƙa ta gajarce, zaƙi ya zo saboda guntayen sukari ne. Tsamin safe kuma aikin wasu bakteriya ne da suka ci wani ɓangare na sukarin suka fitar da asid na laktik, irin wanda ke sa madara ta zama nono.

Amiles misali ne na enzayim, furotin da ke hanzarta sauyin sinadari ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Shi ne ma enzayim na farko da aka fara warewa, a hannun wasu Faransawa biyu, Payen da Persoz, a 1833, kuma daga tsiron sha'ir suka ciro shi. A 1897 Eduard Buchner ya nuna cewa ruwan da aka matse daga yis, babu ƙwaya mai rai ko ɗaya a ciki, yana iya sauya sukari kamar yadda yis mai rai ke yi. Daga nan aka gane cewa abin da ƙwaya ke yi sinadarai ne ke yin sa, kuma ana iya nazarinsu a kwalba. A 1926 James Sumner ya tace enzayim ɗin yuriyes daga wani nau'in wake ya tabbatar da cewa furotin ne.

Me ya sa mai kunu ke jira ya huce? Furotin sarƙa ce ta amino asid, iri ashirin ne ake jerawa ta hanyoyi marasa iyaka, kuma sarƙar takan naɗe ta ɗauki wata siffa takamaimai. A jikin siffar akwai wani gurbi da abin da za a sarrafa yake shiga daidai. Emil Fischer ya kwatanta wannan a 1894 da kwaɗo da mabuɗinsa. Zafi mai tsanani yana warware naɗin, gurbin ya lalace, aikin ya tsaya, kuma sau da yawa ba ya komawa. Haka farin ƙwai ke daskarewa a kasko ba ya sake zama ruwa. Da ta zuba tsiron a tafasasshen ƙullu, da ta kashe amiles ɗin, kunu ya zauna da kaurinsa. Tsami ko kanwa da suka wuce kima su ma suna ɓata siffar. Amiles na yawun bakinmu yana daina aiki da ya isa cikin tsamin tumbi, inda fefsin mai narkar da furotin ya fi jin daɗi.

Ƙwayar halitta da shingenta

Duk waɗannan enzayim a cikin ƙwayar halitta ake ƙera su. Tarihin gano ta sananne ne: Robert Hooke ya hango ƙananan ɗakuna a ɓawon itace da madubinsa a 1665, Schleiden da Schwann suka ce tsirrai da dabbobi duk da irin waɗannan ƙwayoyi aka gina su a 1838 da 1839, Virchow ya ƙara a 1855 cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwaya ta fito. Ɗalibai sun iya zana ta su sa wa sassanta suna. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne siririn tantanin da ya kewaye ta.

Tantanin nan na mai ne, ninki biyu, kuma ruwa da mai ba sa gauraya, shi ya sa ya zama shinge. Gishiri da sukari ba sa ratsa shi sai ta ƙofofi, ƙofofin kuwa furotin ne. Ruwa yana bin inda narkakkun abubuwa suka fi yawa, abin da ake kira osmosis. Wannan ne ya sa gishiri da bushewa ke hana kilishi ruɓewa, domin bakteriyar da ta sauka a kansa ruwan jikinta ne zai fita.

Ga inda sanin ƙofofin ya ceci rayuka. A 1960 Robert Crane ya bayyana cewa a bangon hanji akwai ƙofar da ba ta shigar da gulukos sai tare da sodiyam na gishiri. Idan su biyun suka shiga, ruwa ya bi su. A lokacin gudawa, har da kwalara, wannan ƙofa takan ci gaba da aiki. Ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai amai da gudawa a asibitocinmu a kan wannan ƙofa ya dogara. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke nanata a narkar da ƙunshin a lita ɗaya na ruwa, ba a kofi ba. Idan sukari ya yi yawa, osmosis zai juya ya janyo ruwa daga jiki zuwa hanji, gudawar ta ƙaru.

Dalilin da ya sa gero ya zama na wannan ƙasa

Sitacin kunu daga iska ya fito. Ganye yana kama hasken rana da koren sinadarin kulorofil, ya fasa ruwa, ya saki oksijin, ya yi amfani da ƙarfin da ya samu wajen mayar da iskar kabon dayokzaid sukari. Wannan iska kusan kashi 0.04 cikin ɗari ce kawai na iskar da muke shaƙa, amma daga ita aka gina kowane dami da ke cikin rumbu. Enzayim ɗin da ke kamo ta sunansa rubisko, kuma ana ganin babu furotin da ya kai shi yawa a doron ƙasa.

Rubisko yana da aibi. Gurbinsa ba ya bambance kabon dayokzaid da oksijin sosai, wani lokaci sai ya kamo oksijin, shuka ta yi asarar ƙarfi wajen gyara kuskuren. Zafi yana ƙara wannan kuskure. Da tsakar rana kuma ganye yakan tsuke ƙananan ƙofofinsa don kada ruwa ya tsere, sai kabon dayokzaid ya ragu a ciki, oksijin ya taru, abin ya ƙara muni. A shinkafa da alkama, asarar takan kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ganye ya kama.

Gero, dawa, masara da rake sun kauce wa wannan. Suna da wani enzayim na daban a ƙwayoyin waje na ganye, wanda ba ya ruɗuwa da oksijin. Shi ke fara kama iskar ya ɗaure ta a wani sinadari mai kabon huɗu, a tura shi can ciki zuwa ƙwayoyin da suka kewaye jijiyar ganye, a saki iskar a gaban rubisko da yawan da ba zai yi kuskure ba. Hatch da Slack ne suka fayyace wannan hanya a Ostireliya a 1966, suna aiki a kan rake, kuma saboda sinadarin nan mai kabon huɗu ake kiran irin waɗannan tsirrai C4, sauran kuma C3. Sakamakon shi ne, gero na iya tsuke ƙofofinsa ya ci gaba da yin abinci, ya samar da hatsi da ruwan da bai kai wanda alkama za ta buƙata ba. Wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamaki ba don a kwarin Haɗejiya sai da sanyin hunturu ake noman alkama da ban-ruwa, alhali a Gagarawa gero yana fitar da kai a zafin Agusta.

Kada dai a ɗora komai a kan C4. Wake, gyaɗa da riɗi duk C3 ne, kuma suna yi a wannan ƙasa. Gero ma yana da wasu dabaru: saiwa mai nisa, da saurin nuna kafin gajeriyar daminarmu ta ɗauke. Ɗalibi ya saba da cewa a ilimin halittu dalili guda ba ya cika ƙare magana.

Abin da ke cikin saiwar wake

Sukari da mai daga kabon, haidirojin da oksijin kawai aka yi su. Furotin kuwa sai da naitirojin. A nan akwai abin mamaki: kashi 78 cikin ɗari na iska naitirojin ne, amma gero na iya yin rawaya ya tsumbure don rashinsa alhali iskar na kaɗa ganyensa. Naitirojin na iska ƙwayoyi biyu ne ɗaure da ɗauri uku, ɗaya daga cikin mafiya ƙarfi a sinadarai, kuma babu shuka ko dabbar da ke da enzayim ɗin da zai kwance shi. Wasu bakteriya ne kawai suke da shi, sunansa naitirojines.

A samu gindin wake mai kimanin wata ɗaya da rabi, a haƙo shi a hankali da ƙasarsa, kada a fizge, a wanke saiwar a kwano. Za a ga ƙananan ƙulli-ƙulli manne da ita. A tsaga ɗaya da reza. Idan cikinsa ja-ja ne, yana aiki. Idan fari ne ko kore, ko bai fara ba ko ya gama. A cikin ƙullin nan bakteriya ce zaune, wake na ba ta sukari, ita kuma tana mayar da naitirojin na iska amoniya, wake ya gina amino asid da shi. Jan launin wani furotin ne ɗan'uwan himogulobin na jininmu. Naitirojines ba ya jure oksijin, bakteriyar kuma tana buƙatar oksijin don numfashi, sai wannan jan furotin ya riƙe oksijin ɗin yana miƙa mata kaɗan-kaɗan. Hellriegel da Wilfarth ne suka tabbatar da aikin ƙullin a Jamus a 1886, Beijerinck ya ware bakteriyar a 1888.

Manomin da ke shuka wake a tsakanin gero, ko ya bar gawo a tsakiyar gona, wannan yake ci ko bai san sunansa ba. Gawo ma dangin wake ne, kuma yana kaɗe ganye da damina ya bar wa shuka rana. Abin da ƙullin wake ke yi a zafin ƙasa na yau da kullum, masana'antar taki sai ta kai zafi sama da maki 400 da matsi mai tsananin gaske kafin ta yi shi, ta hanyar da Haber ya gano a 1909, Bosch ya mayar da ita ta masana'anta a 1913. Buhun yuriya, wanda kashi 46 cikin ɗari nasa naitirojin ne, daga nan ya fito, kuma tsadar makamashin na cikin tsadarsa.

Yuriya kanta tana da tarihi a wannan fanni. A 1828 Friedrich Wöhler ya haɗa ta a ɗakin gwaji, alhali a da ana ɗauka sai jiki mai rai ne ke yin ta, tun da a fitsari aka san ta. Yuriyes ɗin da Sumner ya tace kuwa yana nan a ƙasar gona, bakteriya ke fitar da shi. Idan aka watsa yuriya a saman ƙasa mai zafi aka bar ta, yuriyes zai farfasa ta ta zama amoniya ta bi iska. Malaman gona da ke cewa a tona a binne taki ba son wahalar da manomi suke ba.

Daga nan sai kwano. Cikin amino asid ashirin, tara jikinmu ba ya iya ƙerawa, dole sai an ci. Gero da dawa suna da ƙarancin ɗaya daga ciki, laisin, wake kuwa yana da shi da yawa, amma yana da ƙarancin metayonin wanda hatsi ke da shi. Haɗa hatsi da wake a rana guda yana cike giɓin. Yaron da aka yaye aka bar shi da koko zalla zai iya cika ciki, amma jikinsa ba zai sami abin gina tsoka da enzayim da garkuwar jini ba. Wannan na cikin tushen tamowa. Ɗan gyaɗa, wake, waken suya ko madara a cikin kunun yaro magana ce ta bayokemistiri tsantsa.

Ranar Alhamis a Maigatari

Kasuwar dabbobi ta Maigatari, a bakin iyaka da jihar Damagaram ta Nijar, tana ci ran Alhamis, kuma duk saniya da raƙumi da ragon da aka kawo an gina jikinsu ne da abin da mutum ba zai iya ci ba: kara, harawa, ciyawa. Sinadarin da ya fi yawa a kara shi ne selulos, kuma shi ma sarƙar gulukos ce, daidai da sitaci. Bambancin a yadda aka ɗaura ƙwayoyin ne, a selulos kowace ta biyu a kife take. Wannan kaɗai ya isa ya hana ta shiga gurbin amiles. Tuwo abinci ne, kara ba abinci ba ne, saboda siffar gurbin furotin ɗaya.

Saniya ma ba ta ƙera enzayim ɗin da ke narkar da selulos. Cikinta ɗaki huɗu ne, kuma na farko, babban tumbin, cike yake da bakteriya da wasu ƙananan halittu masu wannan enzayim. Ita takan yi tuƙa ta niƙa musu, su kuma su narkar, su fitar da wasu gajerun asid da bangon tumbi ke tsotsa su zama ƙarfinta, iskar da ta taru ta fita ta gyatsa. Daga baya ƙwayoyin kansu su gangara ɗaki na huɗu ta narkar da su ta sami furotin. Mai kiwo, a haƙiƙa, bakteriyar tumbi yake ciyarwa. Wanda ya sayo ragon layya ya cika masa kwano da hatsi lokaci guda don ya yi saurin ƙiba, ya sauya wa tumbi mazauna ke nan: masu yin asid na laktik, irin na kunu, su yi rinjaye, tsami ya kashe masu cin selulos, rago ya daina ci, wani lokaci ya mutu. Shi ya sa gogaggun masu turke ke ƙara hatsi da dusa sannu a hankali, ba su kuma yanke harawa.

Ko daga tumbi ko daga tuwo, abinci ba ya zama ƙarfi sai a cikin ƙwaya. Wannan shi ne ainihin numfashi, shaƙar iska hanyar kai kaya ce kawai. A cikin ƙwaya, akasari a sashenta mai suna maitokondiriya, ake warware gulukos mataki-mataki, kowane mataki da enzayim ɗinsa, a tara ƙarfin a wani sinadari mai suna ATP, wanda tsoka da ƙwaƙwalwa ke kashewa. Hans Krebs ya fayyace zagayen tsakiyar wannan aiki a 1937. Da oksijin, ƙwayar gulukos ɗaya takan ba da ATP kusan 30. Babu oksijin, biyu kacal. Ana iya ajiye rarar ƙarfin a kitse, wanda giram ɗinsa ke ɗauke da kalori 9, na sitaci kuwa 4. Tozon raƙumi irin wannan ajiya ce, kitse ne ba ruwa ba.

Makiyaya sun san gyauron dawa, da ƙaramar dawar da fari ya tsumburar, suna kashe dabba cikin ɗan lokaci. Ganyen yana ɗauke da wani sinadari, durin, wanda idan aka tauna shi wani enzayim ke fasawa ya saki sayanaid. Sayanaid kuwa yana toshe enzayim na ƙarshe a maitokondiriya, wanda ke miƙa wa oksijin kaya. Dabbar tana haki, huhunta cike da iska, amma ƙwayoyinta ba sa iya amfani da ita. Idan aka yanka ta za a ga jinin jijiya ja wur, domin oksijin ya je ya dawo ba a taɓa shi ba. A ganina babu misalin da ya fi wannan raba wa ɗalibi shaƙar iska da numfashin ƙwaya.

Harafi ɗaya a DNA

Saura tambaya guda: wa ke gaya wa ƙwaya yadda za ta jera amino asid? DNA ne, wanda Watson da Crick suka bayyana siffarsa a 1953 bisa hotunan da Rosalind Franklin da abokan aikinta suka ɗauka. Rubutu ne da haruffa huɗu, A, T, G da C, kowane uku na nufin amino asid ɗaya. Mutum yana da kuromosom 46, rabi daga uwa rabi daga uba, don haka kusan kowane umarni kwafi biyu yake da shi.

Sikila, wato amosanin jini, ita ce hujja mafi kusa da mu. Himogulobin sarƙa huɗu ne, biyu daga ciki masu amino asid 146 kowace. A mai sikila harafi ɗaya ya sauya, GAG ya koma GTG, sai amino asid na shida ya tashi daga gulutamik, mai son ruwa, ya koma balin, mai gudun ruwa. Idan oksijin ya yi ƙasa, wuraren nan masu gudun ruwa sai su manne da juna, himogulobin ya zama dogayen sanduna, ƙwayar jini ta lanƙwashe ta yi tauri, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ciwon ƙashin da ke hana yaro barci daga nan yake. Lafiyayyar jar ƙwaya takan yi kwana 120, mai sikila 10 zuwa 20, shi ne ƙarancin jinin. James Herrick ya fara bayyana cutar a likitance a Shikago a 1910, Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa a furotin matsalar take, Vernon Ingram ya gano ainihin wurin a 1956.

Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, wato kwafi ɗaya lafiyayye, ɗaya na sikila. Anthony Allison ya nuna dalilin yawan a 1954 a gabashin Afirka: yaro AS ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, don haka a ƙasashen sauro wannan gado ya yaɗu. Kariya ce daga tsananin cutar, ba daga kamuwa ba, gidan sauro bai faɗi a kan kowa ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wato kwafi biyun duka na sikila. A nan ake yawan kuskure, har a bakin masu ilimi, a ce tun da na fari ya zo da ita, uku na gaba sun tsira. Ciki ba ya tuna wanda ya gabace shi, lissafin sabo yake komawa kowane karo. Jihar Kano ta sa gwajin jini kafin aure ya zama doka a 2024, amma takardar gwaji ba ta da amfani ga wanda bai fahimci wannan lissafi ba, kuma ajin bayoloji ne wurin da ya kamata a fahimtar da shi.

Hukuncina a kan tsarin koyarwa shi ne, ana jinkirta enzayim da siffar furotin, a ba su 'yan shafuka a tsakiyar babin abinci, alhali su ya kamata a fara kafawa a riƙa komawa gare su a kowane babi. Ƙorafin rashin kayan ɗakin gwaji gaskiya ne, madubin ganin ƙwayoyi ba shi da madadi. Amma mafi yawan abin da aka kawo a nan ba ya buƙatarsa. Ɗigon aidin a koko yana mayar da shi baƙi-shuɗi, idan aka gauraya kokon da yawu aka jira, launin ba ya fitowa. Ɗanyar hanta daga mahauta tana tafarfasa da kumfa a ruwan haidirojin ferokzaid na kemis, dafaffiya kuwa ko motsi. Ruwan zoɓo, wanda ake lodawa buhu-buhu a Maigatari, yana ƙara ja da lemon tsami, ya rine ya yi duhun kore da ruwan kanwa, ma'aunin tsami ke nan a kofi.

Kirana ga malaman kimiyya na sakandare, da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel waɗanda gobe za su karɓi alli: zangon farko yana farawa a Satumba, wake na gona a lokacin. Ku sa darasin naitirojin a makonnin farko, ku fita da ajin da fartanya da reza, kowane ɗalibi ya tsaga ƙulli da hannunsa kafin ku rubuta ma'anar komai a allo.